KO ƘAURACE WA KAMFANONIN MAI ZAI SAUKO DA FARASHIN FETUR?

Ran Juma'a 30 ga watan Afrilu, 1999, ita ce ranar da aka tsayar a Amurka cewa kada mai mota ya kusanci gidan mai. Ba wata sananniyar ƙungiya ce ta yi wannan kira ba, ba kuwa wani shugaba ne ya sa hannu a kansa ba. Wasiƙa ce kurum ta yi ta yawo a intanet, wanda ya karanta ya miƙa wa na gaba, tana cewa muddin masu motoci suka haɗa kai suka ƙi sayen fetur na yini ɗaya tak, to kamfanonin mai za su ji a jikinsu, su sauko da farashi ko suna so ko ba su so.

Abin da ya harzuƙa mutane kuwa shi ne, a watan Fabrairun wannan shekara galan guda na fetur, watau lita huɗu ba kaɗan, bai cika dala ɗaya ba. Sai ƙasashen ƙungiyar OPEC masu arzikin mai suka yi taro cikin watan Maris suka yanke shawarar rage ɗanyen man da suke fitarwa. Kafin ka ce kwabo galan ya haura dala, a Jihar Kalifoniya ma tashin ya fi na ko'ina. Ranar da aka sa ta zo ta wuce, waɗansu suka amsa kira, waɗansu ba su ma san ana yi ba, farashi kuwa ko gezau. Da shekara ta zagayo galan ya wuce dala ɗaya da rabi, sai wasiƙar ta sake ɓullowa, wannan karo tana neman a yi kwana uku. Haka ta yi ta komowa duk sa'ad da mai ya yi tsada. A 2007 aka tsayar da ran 15 ga watan Mayu. A makon da ya biyo baya maimakon farashi ya sauka sai ya ƙara hawa, har ya wuce dala 3 da senti 20.

Duk da haka ba a daina wannan kira ba, ba a Amurka kaɗai ba, har da sauran ƙasashe, domin kuwa tsadar fetur ba mai mota kaɗai take ci ba. Tana shiga kuɗin mota, tana shiga kuɗin dakon hatsi da tumatir, tana kaiwa har tukunyar wanda bai taɓa mallakar ko keke ba. Wanda abu ya dama haka dole ya nemi abin yi, kuma ƙin saye shi ne makamin da ya fi kusa da hannunsa. Abin da ya kamata a duba shi ne ko makamin yana da kaifi.

TANKIN MOTA NE YA ƁATA LISSAFI

Masu kiran ƙauracewar yini ɗaya lissafi suka yi mai daɗin ji. Amurkawa suna ƙona fetur wajen ganga miliyan 9 kowace rana, kowace ganga kuwa galan 42 ce, watau galan fiye da miliyan 370 ke nan. Suka ce in aka hana kamfanoni cinikin yini guda, asarar za ta kai ɗaruruwan miliyoyin dala, kuma ba kamfanin da zai iya daurewa.

Abin da suka manta shi ne ba a ce wa kowa ya ajiye motarsa ba, cewa aka yi kada ya saya. Mutumin da zai tafi aiki ran Juma'a, ya kai 'ya'yansa makaranta, ya biya ta kanti, man da zai ƙona bai ragu da ko cokali ba. Iyakar abin da zai yi ya cika tanki ran Alhamis, ko ya lallaɓa ya kai Asabar. Kamar maigida ne ya yi fushi da 'yan hatsi ya ce yau ba ya sayen ko tiya ɗaya, alhali ba a fasa tuƙa tuwo a gidansa ba. Gobe da kansa zai komo ya auni na yau da na gobe. Mai gidan mai da ya ga ciniki ya ja baya ran Juma'a zai ga ya ƙaru kafinta da bayanta, in mako ya ƙare aka rufe littafi babu abin da ya sāke. Matatar da ke ba shi kaya kuwa ba ta ma da labari, domin ita da tanka-tanka take lissafi, ba da galan ba, kuma fetur ba nono ba ne balle ya yi tsami don ya kwana.

Akwai ma wani abin dariya a ciki. Direban da ke cika tanki sau ɗaya a mako, kwana shida cikin bakwai dama ba ya zuwa gidan mai. Watau a kowace ranar Allah yawancin masu motoci suna cikin ƙauracewar ba tare da an roƙe su ba.

A RUFE IDO A DOKI KAMFANI ƊAYA

Da aka gane wannan rauni, sai aka fito da wata dabara wadda ta fi ta farko kama da hankali. Aka ce kowa ya ci gaba da sayen mansa yadda ya saba, amma kada a saya a gidajen mai na Exxon da Mobil, kamfanoni biyu da suka haɗe a 1999 suka zama babban kamfanin mai na Amurka. In cinikinsu ya mutu, za su karya farashi don su jawo masu saye, sauran kamfanoni kuma tilas su bi sahu, daga nan sai rige-rigen saukarwa. Wannan kira ya yi ƙarfi ƙwarai a 2006, sa'ad da galan ya doshi dala 3, kamfanin kuwa ya ba da sanarwar cewa ribarsa ta 2005 ta kai dala miliyan dubu 36. Har wata ƙaramar hukuma mai suna Bee, a kudancin Jihar Teksas, majalisarta ta zauna a watan Afrilu ta roƙi jama'arta su daina sayen man kamfanin har sai galan ya komo dala 1 da senti 30. Bai komo ba. Ribar kamfanin ta 2006 ta haura dala miliyan dubu 39, ta 2007 kuma ta wuce 40.

Dalilin rashin nasarar yana cikin yadda fetur ke tafiya daga matata zuwa famfo. Mai saye yana ganin alamar kamfani a bakin titi, sai ya ɗauka man da ke cikin famfon daga rijiyar kamfanin ya fito, ya bi ta matatarsa, ya hau motarsa. Ba haka abin yake ba. A Amurka matatu daban-daban suna zuba fetur ɗinsu cikin bututu ɗaya, kamar bututun Colonial wanda ya taso daga Houston ya ratsa jihohin kudu da gabas har gaɓar New York. A can daffo ake rarraba shi, kowane kamfani ya ɗebi gwargwadon abin da ya zuba ko ya saya, sa'an nan ya ɗiga ɗan sinadarinsa na wanke inji a cikin tanka, shi ke nan man ya zama nasa. Kamfanoni kuma suna musayar kaya a tsakaninsu: wanda ba shi da matata a wani yanki sai ya ɗiba a wurin abokin hamayyarsa, ya biya shi da irinsa a wani yankin.

To, a ɗauka ma kiran ya karɓu, mutane duk sun juya wa gidajen Exxon baya sun koma na Shell da Chevron da sauransu. Motoci ba su ragu ba, tafiye-tafiye ba su ragu ba, saboda haka waɗannan gidaje za su bukaci ƙarin kaya fiye da abin da suka saba saukewa. Ina za su samo shi? Matatu ba a gina su cikin mako guda. A kasuwar sari za su saya, kuma wanda ke da rarar kaya a kasuwar sari shi ne kamfanin da aka ƙaurace wa. Man da aka ƙi saye ta ƙofar gaba sai ya fita ta ƙofar baya, ya sake riga, mai ƙauracewa ya biya kuɗinsa yana murna. Bugu da ƙari, ɗan kasuwar da ya wayi gari ya ga layi ya ninka a ƙofarsa ba shi da dalilin rage farashi. In ma ya motsa, sama zai yi.

Wanda sandar take sauka a kansa shi ne mai gidan man. Manyan kamfanoni kaɗan ne ƙwarai cikin gidajen mai na Amurka suke nasu na kansu; mafi yawa na ƙananan 'yan kasuwa ne waɗanda suka ƙulla yarjejeniya su ɗaga alamar kamfani su sayar da kayansa. Ribarsu a kan galan 'yan senti ce, abin da ke riƙe su shi ne kantin lemo da taba da ƙwalama da ke jikin gidan man. Exxon Mobil da kansa ya ba da sanarwa a 2008 cewa zai sayar da gidaje wajen 2,200 da suka rage a hannunsa, don sana'ar ba ta da wata riba. Kuɗinsa a wajen haƙo ɗanyen mai yake samunsu. An ga haka a fili a 2010, bayan da rijiyar kamfanin BP ta fashe a Tekun Meksiko ran 20 ga watan Afrilu, mutum 11 suka mutu, mai ya yi ta malala watanni. Jama'a suka fusata suka ƙaurace wa gidajen mai masu alamar BP, masu gidajen kuwa suka yi ta kukan cewa su ba su haƙa rijiya ba, amma cinikinsu ne ya faɗi.

INA AKE YANKE FARASHI?

Kuɗin da mai mota ke miƙawa a bakin famfo kashi-kashi ne. A Amurka fiye da rabi a yawancin shekaru kuɗin ɗanyen mai ne. Sai haraji: Gwamnatin Tarayya tana karɓar senti 18.4 a kan kowane galan tun 1993, kowace jiha kuma da nata. Sai kuɗin tacewa, sai na dako da rarrabawa, sa'an nan ɗan abin da ya rage wa mai gidan mai. Babban kason, watau ɗanyen mai, a kasuwar duniya ake yanke farashinsa, inda ake shan wajen ganga miliyan 100 a rana. Exxon Mobil duk da girmansa abin da yake haƙowa bai wuce kimanin kashi 3 cikin 100 na man duniya ba. Yawancin man da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa yana hannun kamfanonin gwamnatoci ne, irin su Aramco na Saudiyya, waɗanda ba su da damuwa da wane gidan mai direban Teksas ya tsaya.

Masu sayarwa kuma sun san wani sirri na masu saye, shi ne ba su da mafita ta kusa. Waɗansu masana tattalin arziki uku, Jonathan Hughes da Christopher Knittel da Daniel Sperling, sun bi diddigin wannan a wani bincike da aka buga a 2008. Suka gano cewa tsakanin 1975 da 1980, in farashi ya tashi da kashi 10 cikin 100, Amurkawa kan rage sha da kashi 2 zuwa 3. Amma tsakanin 2001 da 2006 irin wannan tashi bai sa sun rage ko kashi 1 cikakke ba. Gidaje sun yi nisa da wuraren aiki, motocin haya ba su wadata ba, mutum ya gwammace ya rage cefane da ya rasa aikinsa. Wanda tsada kanta ba ta hana shi saye ba, da wuya wasiƙa ta hana shi.

Sai dai wannan taurin yana da fuska biyu. Tun da masu saye ba su cika motsawa ba, ƙaramin giɓi a kaya kan cilla farashi sama ƙwarai; haka nan ƙaramar rara ta gaskiya, wadda ba ta da mai ɗauka, kan dako shi ƙasa ƙwarai. Saboda haka ba daidai ba ne a ce masu saye ba su da ƙarfi. Suna da shi, amma yana cikin abin da suke ƙonawa, ba cikin ranar da suke saye ko ƙofar da suke shiga ba.

INDA ƘAURACEWA TA CI

Kada a ɗauka ƙaurace wa kamfanin mai bai taɓa haifar da kome ba. A 1995 kamfanin Shell ya shirya nutsar da wata tsohuwar ma'ajiyar mai ta ƙarfe mai suna Brent Spar, mai nauyin tan 14,500, a cikin zurfin Tekun Atlantika, Gwamnatin Birtaniya kuwa ta ba shi izini. 'Yan ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace suka hau kanta ran 30 ga watan Afrilu suka ƙi sauka, masu motoci a Jamus kuma suka juya wa gidajen Shell baya har cinikinsu ya faɗi da kashi 20 cikin 100 ko fiye. Shugaban gwamnatin Jamus Helmut Kohl ya tayar wa Firayim Ministan Birtaniya John Major da maganar. Ran 20 ga watan Yuni Shell ya janye, aka ja ma'ajiyar zuwa Nowe, daga bisani aka yayyanka ta aka yi ginin tashar jiragen ruwa da ita. Bayan 'yan watanni Greenpeace ta nemi gafara don ta zuzuta yawan man da ya rage a ciki, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Abin lura shi ne Jamusawa ba ragin ko anini suka nema ba. Abu guda suka nema wanda yake hannun kamfanin, wanda shugabanninsa za su iya yankewa a zama ɗaya, kuma abin da suka taɓa shi ne sunansa. Kamfani yana iya fasa nutsar da ƙarfe a teku don ya tsira da mutuncinsa, amma ba ya iya sauko da farashin da ba shi ya ɗora ba.

Maroko ce ta ba da misalin da ya fi kowane fitar da bambancin, domin a can an gwada ƙauracewa a kan kaya uku a lokaci guda. Gwamnatin ƙasar ta sakar wa 'yan kasuwa farashin mai a ƙarshen 2015, shekarar da matatar ƙasar guda ɗaya tilo, Samir, ta daina aiki. Ran 20 ga watan Afrilu, 2018, kira ya bazu a Facebook cewa a daina sayen madarar Centrale Danone, da ruwan kwalba na Sidi Ali, da man gidajen Afriquia, kamfanin attajirin nan Aziz Akhannouch wanda a lokacin yake Ministan Aikin Gona. Jama'a suka amsa sosai, aka yi watanni ana yi. Kamfanin madara ya jigata, ya rage abin da yake saye a hannun masu shanu da wajen kashi 30 cikin 100, a watan Satumba kuma ya sauko da farashi. Madara ba ta ajiyuwa, kamfanin shi ke riƙe da fiye da rabin kasuwa, kuma gida na iya haƙura da ita ko ya sayi ta wani. Fetur kuwa masu motoci gidan gaba kawai suka matsa, farashinsa ya ci gaba da bin na kasuwar duniya inda ƙasar ke sayowa. Akhannouch ya zama Firayim Minista a 2021.

Amma ƙurar da aka tayar ba ta tafi a banza ba. Ta matsa wa hukuma ta farfaɗo da Majalisar Kula da Gasar Kasuwanci, wadda ta daɗe ba ta aiki, ta shiga binciken zargin haɗa baki tsakanin dillalan mai. A watan Nuwamba, 2023, kamfanoni tara suka yarda su biya dirhami miliyan dubu 1 da miliyan 840 don a kashe maganar. Watau inda akwai haɗin baki na gaskiya a tsakanin masu rarrabawa, fushin masu saye yana iya tashin hukuma daga barci, ita kuma ta yi abin da masu saye ba su iya yi da kansu. Sai dai an ɗauki shekara biyar.

SA'AD DA GWAMNATI CE MAI FARASHI

A ƙasashen da haraji ko dokar gwamnati ce ke riƙe da farashi, lissafin dabam ne. A Birtaniya a shekarar 2000 fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lita haraji ne. An kira ƙauracewar yini ɗaya ran 1 ga watan Agusta, ba ta yi wani tasiri ba. Ran 7 ga watan Satumba sai manoma da direbobin manyan motoci suka tare ƙofar matatar Stanlow, abin ya bazu zuwa sauran matatu da daffo-daffo, cikin mako guda dubban gidajen mai suka ƙafe. Masu motocin da aka roƙa su ƙi saye a watan jiya su ne suka yi dogayen layuka suna rububin na ƙarshe. A watan Nuwamba Ministan Kuɗi Gordon Brown ya dakatar da ƙarin haraji, ya kuma rage shi a kan wani nau'in mai.

Mutanen Nijeriya sun san irin wannan. A watan Yuni, 2000, gwamnatin Obasanjo ta ɗaga lita daga Naira 20 zuwa 30. Ƙungiyar Ƙwadago ta shiga yajin aiki, aka komo Naira 22. Ran 1 ga watan Janairu, 2012, gwamnatin Jonathan ta janye tallafi, lita ta tashi daga Naira 65 zuwa wajen 140. Aka rufe kasuwanni da ofisoshi, aka yi zanga-zanga a Legas da Kano da Kaduna da sauran birane har da asarar rayuka, ran 16 ga wata aka komo Naira 97. Waɗannan duk ba ƙaurace wa kamfani ba ne. Matsi ne a kan mai mulki, wanda a bakinsa farashin yake, kuma ragin da aka samu daga baitulmali aka biya shi. Bayan da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya ƙare ran 29 ga watan Mayu, 2023, lita ta yi ta hawa har ta wuce Naira 1,000 a wurare da dama a 2024. Sassaucin da aka gani a watan Disamba na wannan shekara daga wajen masu sayarwa ya fito: matatar Dangote ta rage farashin sarinta zuwa ƙasa da Naira 900, kamfanin NNPC ya bi sahu.

DA AKA RAGE SHA DA GASKE

Sau ɗaya a tarihi masu saye suka karya farashin mai da gangan, amma sun yi shekara goma suna aikin. A watan Oktoba, 1973, sa'ad da ake yaƙi tsakanin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa masu mai suka rage haƙowa suka kuma hana sayar wa Amurka da Holan. Wannan ita ce ƙauracewar masu sayarwa, kuma ta ci nan take: ganga ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan 12 cikin 'yan watanni. Bayan juyin juya halin Iran na 1979 ta wuce dala 30.

Ƙasashen da ke saye ba su tsayar da ranar fushi ba. Amurka ta kafa dokar hana gudu fiye da mil 55 a awa a 1974, a 1975 kuma ta tilasta wa masu ƙera motoci su kai sababbin motoci ga cin mil 27 da rabi da galan guda kafin 1985, kusan ninkin na da. Faransa ta koma ga ƙarfin nukiliya don samun lantarki. Masana'antu suka koma ga kwal da iskar gas, mutane suka raja'a ga ƙananan motocin Japan. A lokaci guda kuma sabon mai ya ɓullo daga Tekun Arewa da Alaska. Tsakanin 1979 da 1983 man da duniya ke sha ya ragu da wajen kashi 10 cikin 100. Saudiyya ta yi ta rage nata don ta tallafi farashi, daga kusan ganga miliyan 10 a rana har ƙasa da miliyan 3 a tsakiyar 1985, sa'an nan ta gaji ta buɗe famfo. A 1986 ganga ta faɗo wajen dala 10, galan a Amurka ya komo ƙasa da dala ɗaya. Abin da ya zama sauƙi ga direban Amurka shi ne ya zama ƙunci a Nijeriya: tun 1982 gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu, a 1986 kuma gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP.

Sauran lokutan da farashi ya faɗi warwas, tilas ce ta sa, ba niyya ba. A watan Yuli, 2008, ganga ta kai dala 147, galan ya kai dala 4 da senti 11. Da tattalin arzikin duniya ya durƙushe, masana'antu suka tsaya, mutane suka rasa ayyuka, kafin ƙarshen shekara galan ya komo ƙasa da dala 1 da senti 70. A watan Afrilu, 2020, annobar korona ta kulle mutane a gida, fetur ɗin da Amurka ke ƙonawa ya faɗo daga ganga miliyan 9 zuwa wajen miliyan 5 a rana. Ma'ajiyoyi suka cika maƙil, har ran 20 ga wata farashin ɗanyen man Amurka a kasuwar New York ya faɗi ƙasa da sifiri, watau mai kaya ne ke biyan wanda zai ɗauke masa, dala 37 da 'yan kai a kan kowace ganga. Galan ya sauko ƙasa da dala 1 da senti 80, a Nijeriya ma an rage lita daga Naira 145 zuwa 125 tun cikin watan Maris.

Masu sayarwa kuwa ba su naɗe hannu ba. A cikin wannan wata na Afrilu ƙasashen OPEC da Rasha da abokansu suka yarda su janye ganga miliyan 9.7 a rana daga kasuwa, ragi mafi girma da suka taɓa yi. Da aka buɗe garuruwa mutane suka komo kan hanya, ga kuma yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a watan Fabrairu, 2022, sai galan a Amurka ya wuce dala 5 a watan Yuni, abin da ba a taɓa gani ba. Exxon Mobil, kamfanin da majalisar Bee ta ce a ƙaurace wa har galan ya komo dala 1 da senti 30, ya rufe wannan shekara da ribar dala miliyan dubu 55 da ɗoriya.